Iskar Taya da Iskar Ƙirji

A kamfanin sabulun da ya yi rabin rayuwarsa yana yi wa aiki, da wuya ka samu wanda ya san ainihin sunansa. Sai-na-gani kowa ke kiransa, yaran ciki su ɗora masa Baba a gaba don girmamawa. Sunan kuwa shi ya jawo wa kansa. In makanike ya ce ya ɗaure birki, sai ya ce sai na gani. In mai gadi ya ce hanya a buɗe take, sai na gani. Matarsa ta kan ba da labarin ranar da aka haifi ɗansu na fari, ungozoma ta fito ta ce masa namiji ne, bai yi hamdala ba sai da ya ɗaga zanin ya duba. Shi dai bai taɓa musanta labarin ba, iyaka ya ce da mutane suna dubawa kafin su yarda da an huta da rigima da yawa.

Shi ne direban doguwar bas ɗin da ke ɗebo ma'aikata da safe ta mayar da su da yamma. Kafin nan ya daɗe yana jan manyan motocin kaya, har bayansa ya fara ƙorafi, matarsa ma ta fara nata, sannan ya nemi aikin da zai riƙa kwana a gida. Yana da tsarin da ba ya saɓawa. Kafin ya tayar da mota sai ya zagaye ta, ya bugi kowace taya da wani guntun ƙarfe yana saurare, ya zaro sandar baƙin mai ya murza man tsakanin yatsu, ya leƙa ruwan lagireto. Allurorin da ke gaban sitiyari bai ɗauke su a bakin komai ba. Cewa yake allura ba ta da kunya, sai ta nuna maka tanki a cike alhali babu ko ɗigo. Kunnensa da tafin hannunsa kaɗai ya amince wa. In ya tayar da injin sai ya bar shi a silo, wato yana aiki a hankali mota na tsaye, ya karkata kai ya yi shiru kamar mai jin gulma ta bayan katanga.

A gida ma haka abin yake. Ƙofar da matarsa ta kulle sai ya koma ya girgiza. In 'ya'yansa sun ce sun ci jarrabawa sai ya ce a kawo ya gani, ya juya takardar gaba da baya. Ba mugu ba ne, bai kuma taɓa hana kowa komai ba. Zuciyarsa ce dai ba ta zama sai ya taɓa abu da hannunsa.

Wata shekara kamfanin ya fito da doka cewa duk mai jan motar kamfani za a riƙa duba lafiyarsa, idanu da suga da hawan jini. Akwai ɗan ɗakin shan magani kusa da babbar ƙofa, gado ɗaya a ciki da sikeli da nas guda, matashiya mai fara'a, sa'ar 'yarsa ta biyu. Ita ta naɗa masa abin awo a damtse. Na'urar ta hura kanta tana matse shi, ta yi ɗan kuka ta saki. Nas ta dubi lambobin, fara'arta ta ragu.

"Baba, kana yawan ciwon kai? Jiri fa?"

"Lafiyata ƙalau."

"Jininka ya hau sosai."

"Wa ya ce?"

"Ga shi na'ura ta nuna."

Ya dubi na'urar irin kallon da yake yi wa allurar mai. "Wannan 'yar akwatin? Yaushe ta san ni?"

Nas ba ta ja da shi ba. Ta tura shi wurin likita, aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya rage gishiri. Sannan ta faɗa masa abin da ya hana shi sakewa. Hawan jini irin wannan, in an bar shi, yana iya kayar da mutum ba sallama, kuma kamfani ba zai bar wanda jininsa ya wuce ƙa'ida ya ɗauki mota cike da mutane ba. In ya dawo awo bai sauka ba, za a karɓi makulli a mayar da shi sito.

Sito ya sani sarai. Wani dogon ɗaki ne ba taga, kwalayen sabulu har rufi, ƙamshinsu na hawa kai. Can ake kai tsofaffin da ba a san yadda za a sallame su ba, su wuni kan benci suna kallon masu dako. Ga mutumin da tun yana saurayi hannunsa ke kan sitiyari, sito da kwanciyar jinya duk ɗaya ne.

Yana fitowa daga ɗakin nas idonsa ya faɗa kan wani saurayi a bakin gareji yana wasa da makulli a yatsa. Ƙanin matar Manaja ne, kwanan nan ya fara zarya a kamfanin, kuma an ce bai daɗe da yin lasin ba. Nan take lissafi ya haɗu a kan Sai-na-gani. Sabuwar doka, sabuwar na'ura, sabon lasin.

"Kujerata suke so," ya gaya wa matarsa da ya koma gida. "Sun rasa laifin da za su kama ni da shi, shi ne suka sayo akwati ta yi musu shaida."

"Malam, yarinyar nan me za ta ci da kai? Ai ni ma na ga yadda jijiyar goshinka ke tashi."

"Ke ma an biya ki ke nan."

"An biya ni. Buɗe baki ka sha maganinka."

Bai sha ba sai da ya kai ƙwayoyin wani kantin magani da ke can wata unguwa, inda ba wanda ya san shi, aka tabbatar masa na hawan jini ne. Daga nan ya fara sha. Matarsa kuwa ta ɓoye gwangwanin gishiri, ya riƙa cin abinci yana mita wai an mayar da shi majinyaci da ƙarfi.

Amma akwai wata dabara da ya ƙulla shi kaɗai bai gaya wa kowa ba. Ya zauna ya yi tunani irin na direba. Taya dai in iska ta yi mata yawa sai ta ɗaure, in ta wuce kima ta fashe. Mai faci in ya ga haka rage mata iska yake yi. Ita ma na'urar nas da iska take aiki, da idonsa ya ga tana hura kanta. Ashe ke nan abin da take aunawa iskar da ke jikin mutum ce. To wanda ke son ta nuna kaɗan, me zai sa ya riƙa zuƙar iska ana cikin awo? Da ranar komawa ta zo, nas na danna na'ura ya riƙe numfashinsa gam, ya ɗaure ciki, ya danne ƙafafu a ƙasa kamar mai taka birki a gangara. Nas idonta na kan lambobi, ba ta lura ba.

"Ya ɗan sauka, Baba, amma da saura. Kana shan maganin kuwa?"

"Tambayi matata."

"To zan roƙar maka a ƙara maka lokaci zuwa ƙarshen watan gobe. Daga nan ba ni da ta cewa." Ta kwance masa abin awon. "Na ga kuma yadda kake dafa ƙugu in za ka tashi. A babban asibiti akwai ajin motsa jiki da numfashi a ɓangaren masu gashin ƙashi. Ka je. Zai taimaki bayanka, jinin ma ana sa ran ya ɗan taimaka."

"Numfashi? Koya mini za a yi?"

"Ka dai je ka gani."

Kalmar numfashin nan ce ta kai shi ajin. Ya je ne don ya gano inda tarkon yake.

Ɗakin yana can ƙarshen wani dogon baranda, an shimfiɗa 'yan siraran katifun roba a ƙasa. Ranar maza ce. Akwai wani tela mai ciwon wuya, da malamin makaranta da ya yi ritaya, da wani mai ƙiba da ke huci tun kafin a fara. Mai koyarwar dogon saurayi ne siriri, ma'aikacin asibitin, kowa na ce masa Dogo. Ya sa su durƙusa su lanƙwasa baya sama su saukar, su kwanta su jawo gwiwa zuwa ƙirji, su miƙa hannu kamar masu ciro abu daga saman kabad. Sai-na-gani bai cire ko takalmi ba. Ya zauna kan kujera a bakin ƙofa, hularsa a gwiwa, yana bin kowa da ido.

Da aka gama miƙe-miƙen Dogo ya ce kowa ya zauna ya rufe ido. "Ku ja iska ta hanci a hankali har ciki ya taso. Ku sake ta a hankali, fitar ta fi shigar daɗewa."

Gaban Sai-na-gani ya faɗi. Ga shi nan a fili. Mutum na fama da yawan iska, an turo shi inda za a ƙara masa.

Ana tashi ya tare Dogo a bakin ƙofa. "Ɗana, tambaya biyu gare ni. Wannan abin mene ne sunansa?"

"Miƙe-miƙen daga yoga aka ɗauko su, Baba. Zaman kuma na tattara hankali ne."

"Na ji an ce bautar wasu mutane ce."

"Asalinsa daga wata ƙasa mai nisa ne, kuma gaskiya a can akwai masu haɗa shi da addininsu. Mu nan abin da likitoci suka gwada suka ga amfaninsa muka ɗauka, miƙa jiki da numfashi. Ba ma kiran sunan komai, ba ma rusuna wa komai. In ka rufe ido, abin da ka saba ambata a zuciyarka shi za ka ambata, ba ruwana."

Sai-na-gani ya ajiye wannan amsar a gefe don ya sake juya ta daga baya. "Ta biyu. Wa ya ce ka ƙara mini iska? Nas ce ko Manaja?"

Sai da ya yi bayanin taya da mai faci sannan Dogo ya gane inda aka dosa. Bai yi dariya ba, wannan kuma ya ɗan ɗaga darajarsa a idon tsohon.

"Baba, iskar da ka shaƙa a huhu take tsayawa, ba ta shiga jijiya ta kumbura ta. Abin da na'ura ke aunawa ƙarfin da zuciya ke tura jini ne, da kuma yadda hanyoyin jinin suka matse. In mutum ya tsorata ko ya fusata, jiki na sakin wani sinadari da ke sa zuciya sauri, hanyoyin su tsuke. In ka riƙe numfashi ka yi yunƙuri, ƙara hawa yake yi."

"Haka ka ce."

"Haka na ce. Ga wata 'yar na'ura nan da ake maƙalawa a yatsa, za ta nuna maka bugun zuciyarka."

"Na ƙoshi da na'ura."

"To kawo hannunka." Dogo ya kama yatsunsa biyu ya ɗora masa a wuyan ɗaya hannun, ƙasan babban yatsa. "Ka ji yana bugawa? Wannan ba ni na sayo shi ba, ba Manaja ba. Ja iska. Yanzu sake ta a hankali, kamar kana hura shayi mai zafi. Kar ka daina saurare."

Sai-na-gani ya karkata kai yadda yake yi wa injin a silo. Da farko bai ji komai ba sai bugu. Ya sake, ya kuma sakewa. Can sai ya ji kamar in ya ja iska bugun na ɗan matsowa kusa da juna, in ya saki a hankali sai su ɗan ba da tazara. Bambancin kaɗan ne ƙwarai, irin wanda sai mai kunne.

"Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta sauko zuciya har ciki," in ji Dogo. "Aikinta ta ce wa zuciya ta sassauta. Duk lokacin da ka fitar da numfashi a hankali, ita kake ba dama."

"Birki ke nan."

"Kusan haka. Fushi da tsoro kuma totur."

"To in haka ne a zubar da ƙwayoyin mana."

"A'a. Kar ka kuskura. Abin da bincike ya nuna, wanda ya lazimci wannan kullum jininsa na iya ɗan sauka, kaɗan ne, wani ma ba ya ganin komai. Magani da rage gishiri su ne manya. Wannan ƙari ne."

Wannan maganar ta fi duk sauran damun Sai-na-gani a hanyar gida. A saninsa mai son cutar ka yabon hajarsa yake yi har ya wuce gona da iri. Wannan yaron kuwa rage wa tasa kuɗi yake yi. Ko dai gaskiya yake faɗa, ko kuma ya fi sauran iya makirci. Ya yanke shawarar zai gwada abin da kansa, yadda yake gwada birki bayan makanike ya ce ya gyara.

Washegari bayan sallar asuba matarsa ta shigo da shayi ta same shi a kan tabarma, gwiwa da tafin hannu a ƙasa, ya turo baya sama.

"Malam, wani abu ne ya faɗi?"

"A'a."

"To me kake nema a ƙasa?"

"Ajiye shayin ki tafi."

Ba ta tafi ba. Ta tsaya ta ga ya kwanta ya rungume gwiwoyinsa, ta ga ya tashi zaune ya rufe ido ya kama wuyan hannunsa kamar wanda ya kama ɓarawo. Ta ajiye kofin a hankali.

"Ka gaya mini gaskiya. Asibiti ka je jiya, ko wani ya kai ka wani wuri?"

"Asibiti."

"Matar maƙwabcinmu ta ce akwai wani abu da ake yi yanzu, ana zama a rufe ido, wai daga nan sai mutum ya daina sanin iyalinsa."

"Ni dai ga ki ina ganin ki, kuma har yanzu ke ce kika ɓoye gishiri."

"Shekara nawa ina cewa ka zauna ka huta ka ƙi, sai da wani yaro ya ce ka yi miƙa irin ta mage."

"Ban yarda da shi ba. Gwada shi nake yi."

Ta yi kwanaki tana leƙen sa ta labule, tana kasa kunne ko za ta ji yana kiran wani suna. Ba ta ji komai ba sai fitar numfashi, wani lokacin da ɗan tasbihi ƙasa-ƙasa. Shi kuma ya koma ajin, wannan karon ya cire takalmi. Zaman rufe idon ne ya fi ba shi wuya. Da ya rufe sai ƙanin matar Manaja ya bayyana yana juya makulli a yatsa. Ya kai ƙara wurin Dogo, Dogo ya ce kowa haka yake, hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya, aikin kawai in ka lura ya tafi ka dawo da shi kan numfashi ba tare da faɗa ba. Sai-na-gani ya ce wato kamar mota mai ja gefe, kana tafe kana gyara sitiyari. Bayansa kam ya fara sauƙi, har yana ɗaure takalmi ba tare da ya dafa bango ba, amma ya ce wataƙila sauyin yanayi ne.

Da yamma akwai ɗan lokacin da yake jiran ma'aikata su tashi. Ya kan ajiye bas a inuwar katanga, ya kashe injin, ya zauna. Da can rediyo yake ji, ko ya bi masu shiga da fita da ido yana lissafin wa ke tare da wa. Yanzu sai ya mayar da lokacin na gwaji. Yana kan kujerarsa, bayansa a miƙe, ido a rufe, yatsu biyu a wuyan hannu.

A haka Manaja ya same shi, saura kwanaki kaɗan wa'adin ya cika. Manaja mutum ne mai sauri, kullum waya a kunne. Ya zo wucewa ya hangi direban da aka ce jininsa ya hau zaune gaban sitiyari, ido a rufe, ba motsi. Ya ƙwanƙwasa gilashi. Sai-na-gani ya ji, amma yana tsakiyar fitar da numfashi, ya ce bari ya ƙarasa. Kafin ya ƙarasa an fizge ƙofa, hannu ya shigo ya zare makulli.

"Baba, suma ka yi ko barci?"

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe."

"Na buga ba ka motsa ba. Yanzu da a kan titi ne fa, da mutane a bayanka?"

"A kan titi idona biyu. Numfashi nake yi."

"Duk numfashi muke yi, ba mu rufe ido ba. Sauko mu je wurin nas. Yau za a yi ta ta ƙare."

Suna tafe, Manaja a gaba da makulli a hannu, sai ga ƙanin matar tasa jingine da wata mota yana kallon su. Sai-na-gani ya ji wuyansa ya ɗauki zafi, kunnuwansa na bugawa. Bai buƙaci ya taɓa hannu ba ya san totur a ƙasa yake.

Nas ta naɗa masa abin awo, Manaja na tsaye a kansa. Na'urar na fara matsa, jikinsa ya koma wa tsohuwar dabara ba tare da ya yi shawara da shi ba. Ya riƙe numfashi, ya ɗaure ciki. Wannan karon kuwa fuskarsa nas ke kallo, saboda an ce mata suma ya yi. Ta ga kumatunsa sun cika, jijiyar goshi ta miƙe. Lambobin suka fito sama da na ranar farko.

"To ka gani," in ji Manaja.

"Dakata, ranka ya daɗe," in ji nas. "Baba, ka daina numfashi ne?"

Ya saki iskar da ƙarfi. "Na ɗan rage ta ne."

"Wancan karon ma haka ka yi mini?"

Ya dubi sikeli, ya dubi bango. "Taya in iska ta yi mata yawa..." Bai ƙarasa ba, don shi kansa ya ji maganar ba ta zauna a bakinsa kamar da ba.

Nas ta dafe kai. Sannan ta juya ga Manaja ta ce wannan awon ba za ta karɓe shi ba. Ƙa'ida ita ce mutum ya zauna ya huta tukuna, ba a kawo shi a fusace a ɗaura masa ba, kuma ba a yi da wani tsaye a kansa. Abin da Manaja ya gani a mota ma ita ta tura Baba ya koya. Ta roƙe shi ya ɗan jira a waje. Manaja ya fita da makullin, yana cewa shi dai ba zai ɗauki alhakin rayukan mutane ba.

Ɗakin ya yi shiru sai ƙarar fanka. Sai-na-gani ya jingina, ya sauke ƙafafu, ya ɗora yatsu a wuyan hannu. Bugun na gudu kamar injin da aka taka wa totur ba giya. Ya ja iska ya sake ta a hankali. Saurayi mai makulli ya bayyana, ya dawo da hankalinsa. Sito ya bayyana da kwalayensa, ya dawo da shi. Wata zuciyar ta ce masa wataƙila nas ta fitar da Manaja ne don kar a ce da hannunsa a ciki. Ya bar ta ta gama maganarta, ya koma kan numfashi. A hankali bugun ya fara ba da tazara. Bai san iya lokacin da ya ɗauka ba, sai ji ya yi nas na gyara masa hannu a kan tebur.

"Kar ka yi komai, Baba. Kar ka taimaka mini. Ka yi numfashinka kawai."

Na'ura ta matsa ta saki. Nas ta ɗan jira ta sake aunawa, ta koma ɗaya hannun ta kuma. Sannan ta buɗe ƙofa ta kira Manaja.

"Ya shiga ƙa'ida, amma a bakin layi yake. Maganin na aiki. Zai iya tuƙi, da sharaɗin ya riƙa zuwa duk wata, kar ya fasa magani, ya kuma koma wurin likita ya gaya masa yadda aka yi awon baya."

Manaja ya juya makullin a hannu, bai gamsu duka ba. "Rufe idon nan fa? Ni ban yarda ba barci ba ne."

"Ka zo gobe ka gani, ranka ya daɗe," in ji Sai-na-gani.

"Ba a cikin motata ba. In za ka yi, ga benci nan bakin ɗakin nas, inda kowa zai gan ka."

Ya miƙa masa makullin. Sai-na-gani ya karɓa ya juya shi, ya duba haƙoransa da ɗan zaren da ya ɗaura masa, ya tabbatar nasa ne. Ya dubi na'urar da ke kan tebur.

"'Yata, wannan akwatin ɗazu ta ce na hau, yanzu ta ce na sauka. Ki sa a duba ta."

Ƙanin matar Manaja daga baya aka ba shi ƙaramar motar kai saƙo. Ko tun farko ita yake nema, ko bas ɗin ya so bai samu ba, ba wanda ya sani. Sai-na-gani har ya bar aiki yana cewa shi ya wargaza shirin, kuma bai taɓa barin makulli a jikin mota ba tun daga ranar.

Ya ci gaba da jan bas ɗin har shekarunsa na aiki suka cika, ya sauka da ƙafarsa bai ga cikin sito ba. Bencin bakin ɗakin nas kuwa ya zama nasa. Masu wucewa su yi ta tsokana, Baba an tafi ne, ya buɗe ido ɗaya ya ce yana nan yana jin kowa. Har yanzu kullum da safe yana kan tabarma yana miƙarsa, ƙwayarsa na kan tebur kusa da shayi. Matarsa da ta yi ta leƙe ta labule yanzu tana da tata tabarmar, wai saboda gwiwa, kuma ta ce ita ba yoga take yi ba, miƙa ce kawai.

Ranar da babbar jikarsa, wadda ke karatun aikin jinya, ta tambaye shi ko abin yana aiki da gaske, yatsunsa na kan wuyan hannu. Sai da ya gama fitar da numfashin sannan ya amsa.

"Ban ce ba tukuna. Ina dai gwadawa."